Ɗamarar da Na Ƙi Kwancewa

Ni ba ɗiyar ruwa ba ce, wannan kowa ya sani. A Birnin Kebbi anka haife ni, gidan noman gero da karatun allo, inda ruwa mafi zurfi da na sani shi ne na randar uwata. Sai Allah ya kai aurena Argungu, gidan masunta, inda yaro ke iya iyo tun bai iya ɗaura wando ba. Mijina yana sona, ni ma ina sonsa. Saura uwarsa.

Inna muke ce mata duk gidan. Tsohuwa ce 'yar firit, baƙa, mai kallon mutum har sai ya duba jikinsa. Ba ta taɓa zagina ba. Ta dai sa mini suna ɗiyar tudu, kuma da shi take kirana ko ruwan sha take so.

Kowace shekara in ruwa ya cika fadama, gidan kan kwashe ya tafi tunga, zangon masunta can cikin daji inda babu hanya sai ta jirgin ruwa. Maza su kama kifi, mata su yi bandarsa a hayaƙi, a zauna har ruwa ya fara janyewa. Ba a barin kowa a gida sai tsohon da ƙafa ta ƙi, da wanda zai tsare awaki. Ina shara bayan zana na ji Inna tana ce wa ɗanta: “A tai da ita sau guda mu gani. In ta zan muna kaya, ta dawo ta tsare awaki.”

Na jingine tsintsiya. Awaki! Ni da na baro garinmu saboda mutumin nan, sai kowace shekara ya shiga daji ya bar ni da bunsuru? Na ce a raina ba za a yi haka ba.

Na lura kowa a gidan, mace da namiji, in zai shiga jirgi yana ɗaura ɗamara, siririyar igiyar fata da 'yar wuƙa a jiki, wani da fatsa a naɗe. Da na je ganin gida sai na sami wani baduku a kasuwa na ce ya yi mini tawa. Na ce mai faɗi nake so, ta jar fata, da maratayi da yawa. Ya ce, “Yaƙi za ki?” Na ce, “Kusan haka.”

Na rataya mata wuƙa cikin kube. Na rataya ƙyastun ubana na kunna wuta da audugar rimi cikin 'yar batta, na liƙe bakin da kakin zuma, don a lokacin ashana ba ta jure raɓa. Gishiri da yaji a ɗan ƙahon rago. Fatsa da zarenta, igiyar rama a naɗe, allura, ɗan goran ruwa, har da ƙullin kanwa wanda har yau ban san me na yi nufin yi da shi ba. In na taka ƙasa sai ka ji kacau-kacau kamar jakin fatake.

Ranar tafiya da na fito, matan gidan sunka faɗi da dariya. Matar wan mijina ta ce, “Ga 'yar koli ta iso! Akwai madubi?” Na ce, “Akwai, amma ba ya ɗaukar irin fuskarki.” Inna ba ta yi dariya ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, “Wagga in ta hwaɗa ruwa, sai dai a nemo ta da taru.”

Sauran jirage sun riga mu tashi. Namu ya makara saboda Inna ta tsaya sallamar maƙwabta, don haka mu uku munka tafi: maigida a baya da sandar tuƙi, Inna a gaba, ni a tsakiya kan buhun gero, na riƙe bakin jirgi hannu bibbiyu.

Tsoro bai hana ni gani ba. Da munka bar garin munka saki babban gulbi munka shiga fadama, sai duniya ta buɗe. Ruwa ya kwanta har iyakar ido, furen bado fari fat a kansa, ciyawar burgu ta fi mutum tsawo, jirgi na ratsa ta tana shafar kafaɗata. Kirinjijiya ta tashi garke guda tana fito. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya bai ko kula mu ba. Maigida yana waƙa ƙasa-ƙasa, irin wadda ban taɓa jin ya yi a gida ba. Nan na gane abin da za a hana ni in an bar ni da awaki, kuma nan na ƙara ƙudurta cewa ba za a bar ni ba.

Da rana ta karkata munka tsaya wani ɗan tsibiri mai itacen giyayya don su yi azahar. Ni ranar ba ni da salla. Al'adarsu ce in za su yi salla su kwance ɗamara su rataya a hancin jirgi, don kullum tana da ƙarnin kifi. Maigida ya rataya tasa, Inna ta rataya tata. Ta ce mini, “Ke ba ki sauke kolin naki ki huta?” Na sunkuyar da kai na ce, “Ba ta dame ni ba, Inna.” Gaskiyar magana ta dame ni, ƙuguna har ya yi zafi. Amma a tsakiyar ruwan nan ita kaɗai ce abin da na zo da shi daga tudu, kuma ba ni rabuwa da ita.

Akwai wata al'ada tasu kuma da babu wanda ya gaya mini. Wanda ya fita jirgi daga ƙarshe, shi ke ɗaure shi. Kowane ɗan gidan ya tashi da sanin haka, har ba su ganin abin faɗi ne. Ni ce na fita ƙarshe, don sai da na daɗe ina neman inda zan sa ƙafa. A garinmu kuwa mai jaki shi ke ɗaure jakinsa, ba wanda anka ɗauko ba. Har gobe ban yarda laifina ne ba, kuma na sha faɗa wa maigida haka har Allah ya karɓi abinsa.

Sun kabbara ke nan, ina zaune gindin giyayya ina kallon wani tsuntsu, sai na ga jirgi ya ja baya a hankali kamar mai jin kunyar tafiya. Na miƙe. Ruwan da ke tsakanina da shi ya riga ya fi ƙarfina. Ga mutane cikin salla. Ga suruka, wadda ko tari ban taɓa yi da ƙarfi gabanta ba. Sunan miji kuma ba ya fita bakina. Na yi gyaran murya, na ƙara, babu wanda ya motsa. Jirgi ya juya hanci ya kama hanyar ruwa. Sai na ajiye kunya gefe na kwarma ihu: “Jirgi! Jama'a, jirgi ya tafi!”

Maigida ya sallame, ya duba, ya tuɓe riga ya faɗa ruwa. Munka ga kansa yana nisa, jirgi na gaba yana biye, har burgu ta rufe su duka.

Inna ta ƙare sallarta a natse, ta shafa addu'a, sannan ta juyo.

“Wa ya fito baya?”

“Ni ce, Inna.”

“To mi ya hana ki ɗaure?”

“Ba a ce in ɗaure ba.”

Ta koma ta zauna tana kallon inda ɗanta ya ɓace. Na ce a raina shi ke nan, awaki sun same ni.

Munka zauna, inuwa na tafiya. Gero, tukunya, tabarma, furar da munka ɗauko, duk suna jirgi. Wani ɗan hadari ya zo ya yayyafa mana ya wuce, ya bar iska mai sanyi. Na saci kallon Inna na ga tana rawar ɗari, ta ƙanƙame jiki, ga shi tun safe ba ta sa komai a ciki ba. Hannunta ya kai ƙugu neman wuƙa ya dawo wayam. Sai na tashi.

Na sassare busassun rassan giyayya na ƙasa-ƙasa waɗanda ganye ya kare daga ruwa. Na ɓamɓare kakin batta, auduga na nan a bushe kamar yau anka ciro ta. Ƙyastu kuwa tun ina ƙarama nake kunna wa ubana wutar karatu da shi. Bugu kaɗan sai ga hayaƙi. Inna ta matso ba tare da ta dube ni ba, ta miƙa tafin hannu.

Na kwance fatsa, na tono tana, na je bakin ruwa na jefa. Na jefa, na jefa, babu ko motsi. Can na ji murya bayana: “Nan ko shekara kinka yi ba ki kama ko kwaɗo. Kawo nan, ɗiyar tudu.” Ta karɓa, ta zaga inda saiwar itace ta shiga ruwa, ta tofa wa tanar yawu, ta saka a hankali. Kafin in gyara tsayuwa ta fizgo tarwaɗa mai kauri kamar damtsena. Tsohuwar nan ta yi wata dariya, ta farko da na taɓa ji daga bakinta, duk giɓinta a waje.

Ita ta kama, ni na gyara. Na tsire ta a tsinke, na barbaɗa gishiri da yaji daga ƙaho. Ta ce, “Har da yaji?” Na ce, “Har da kanwa, Inna.” Ta ce, “Kanwa ta mi?” Na ce, “Ni ma ban sani ba.” Ta sake fashewa.

Da kifi ya gasu na ajiye mata a ganyen bado na koma bayan itace, don ban taɓa cin abinci gabanta ba. Ta ce, “Ina za ki? Tsibirin ga duka bai kai ɗakina ba, ina za ki ɓoye? Zo zauna.” Na zo na zauna a ɗofane. Ta ɓare wajen ciki, inda ya fi mai, ta tura gabana. Munka ci tare, yaji na sa mu hawaye. Sannan ta sa na zuba ɗanyar ciyawa a wuta don hayaƙi ya tashi sama, ko ɗanta zai gani.

Rana ta yi ja sai munka ji waƙa daga cikin burgu. Ga maigida tsaye a jirgi, jiki duk yankan ciyawa, ɗamarunsu biyu na lilo a hanci. Ya ce sai can ƙasa ya cim ma jirgin, ya maƙale a wata saiwa, kuma da ba don hayaƙin ba da ya sha yawo, don ruwan bana ya canza hanyoyi. Ya shaƙi iska ya ce, “Ni ina can ina fama da ruwa, ku kuna nan kuna walima?” Inna ta ce, “Mun rage maka kai.”

Ya zauna yana ci, yana satar kallona, yana jiran hukunci kamar yadda nake jira. Inna ta ce, “Tashi tsaye, ɗiyar tudu.” Na tashi. Ta kama ɗamarata ta dubi ƙullin da na yi, irin na ɗaurin dami, ta yi tsaki. Ta kwance shi da ƙyar, ta sake ɗaurawa da zarge, wutsiyar a hagu. “In kin hwaɗa ruwa, ja nan sau guda ta sake ki. Goran ga ya koma baya. Kanwa ki zubar.” Ta ja ta gwada, ta sake ɗaurewa. Sannan ta juya ga ɗanta: “Kai kuma ka koya wa matarka iyo kahin mu koma. Baɗi ba ni son ɗaukar wadda ba ta iya ba.”

Baɗi! Na ji kalmar nan har tafin ƙafata.

Da za mu shiga jirgi ta tsaya ta nuna mini turke da igiya, ta sa na ɗaure na kwance har hannuna ya iya. Daga ranar ban sake fita jirgi ban waiwaya ba.

Na yi tunga shekara da shekaru, da ciki, da goyo, har na kai ga zama a gaban jirgi inda Inna ke zama. Sunan ɗiyar tudu bai bar ni ba, amma ya koma suna kawai. Matan da sunka yi mini dariya kuwa, babu wadda ba ta zo aron gishiri ko allura a ƙuguna ba.

Yanzu ina zaune Gwadangaji wajen ɗana, ƙafa ta ƙi. Ɗamarar na rataye a ƙusa, fatar ta yi baƙi, ƙahon ya tsage. Ran da za a kai ni Argungu gaisuwa nakan ɗaura ta ƙarƙashin mayafi, na ƙulle wayata a leda na rataya inda batta take da. Matar ɗana takan ce, “Inna, mota fa za mu shiga, ba jirgi ba.” Sai in ce mata ta duba mini ko ƙullin yana hagu.