Kifin Cikin Rumbu

Shekarar da kawuna ya bar aikin soja, bayan yaƙin basasa, ya kawo wa kakata gwangwanin kifi guda shida har gida a Yasore. Ta tambaye shi ko abin yana lalacewa, ya ce ba ya lalacewa. Sai ta yi masa ajiyar hatsi: ta sa aka tura su ƙasan rumbu, ƙarƙashin damman gero.

Damina huɗu suka yi a can. Ina makarantar horon malamai a Katsina na zo hutu, na tarar yayata tana gida wankan jego, haihuwar fari. Ta sha wahala, jikinta bai dawo ba. Kaka ta ce ranar kifi ta zo.

Ni aka zura cikin rumbun don ni ne siriri. Na fito da su, na goge, na jera a tabarma. Na juya kowanne ban ga kwanan wata ba, sai wasu lambobi a gindi. Biyar suna nan sumul. Na shidan ya kumbura sama da ƙasa, in an ajiye shi sai ya riƙa rawa.

Shi Kaka ta ɗauka, ta auna a tafin hannu.

"Wannan ya fi ƙiba. Na mai jego ne."

Malaminmu na kiwon lafiya ya taɓa yi mana bayani, na rubuta har na ja layi. Abincin gwangwani yana iya yin shekaru in yana wuri busasshe marar zafi. Amma wanda ya kumbura, ko ya huje, ko tsatsa ta ci shi, guba ne, ko ɗanɗanawa ba a yi. Sai dai ban taɓa yi wa babba gyara ba. Na zauna ina kallon tana neman wuƙa.

"Kaka," na ce. "Ba ƙiba ba ce. Ruɓewa ya yi."

"Iye! Angon nawa ashe yana da baki? Ta ina ka leƙa ciki, ɗan boko?"

"A littafi na gani."

"Littafin naku ya taɓa shiga rumbuna? Geron da ya shekara biyar a ciki ka sha furarsa, ga ka nan."

Na ce ta buɗe a bayan danga, in ya yi kyau ni zan fara ci. Ta yi dariya, ta ce ba ta shirya takaba ba tukuna, amma ta tashi.

Tana soka wuƙar ya yi tsaki, wani baƙin ruwa ya feso mata a zane. Warin ya kai har ɗakin mai jego. Kaka ta wanke hannu da toka sau biyu, ta sa na haƙa rami mai zurfi na binne gwangwanin yadda kaji ba za su tono ba.

Yayata ta ci gaba da kunun kanwa da gasasshen nama. Da za a buɗe sauran biyar ɗin, ɗaya bayan ɗaya, sai Kaka ta miƙo mini kowanne ba tare da ta dube ni ba, ta jira in juya shi in gyaɗa kai.