Rigar Sanyin da Na Ara wa Yaya

Lokacin ba a gina birnin Lusail ba, fili ne fayau. Ina gadi a wani kulob na bakin teku a Doha tare da wani mutumin Zangon Kumasi da nake kira Yaya. Da sanyi ya shigo, aka ce ana neman masu raka baƙi a ƙananan kwale-kwale. Yaya ya ƙwallafa rai a kan aikin, don tsayuwar gadi ta gama cinye masa gwiwa.

Ni ma na ba da sunana. Ranar gwaji ogan jiragen ya ba mu rigar roba mai rufe mutum daga wuya har ƙafa, ruwa ba ya shiga. Ya haɗa mana da wata 'yar shara-shara ta sawa a ciki, ya ja kunnenmu kada mu sa auduga, wai tana riƙe gumi.

Ni kuwa ɗan Jos ne, ga bakin tsiya. Na ce, "Yaya, rabu da shi. Wannan gidan sauron ne zai tare sanyi? Mu muka san sanyi." Na sa shi ya zura singileti biyu, na ɗora masa rigar sanyina ta auduga mai kauri. Ni robata ta matse ni, dole shara-sharar kaɗai na sa.

Muka yi ta tuƙi kusan awa guda. Da oga ya ce mu tsaya mu huta, iskar arewa ta taso. Na waiga na ga Yaya yana karkarwa, leɓɓansa sun yi fari, filafilin ya suɓuce daga hannunsa. Da igiya aka jawo jirginsa gaɓa. Da aka zuge rigar robar, kayansa sharkaf kamar an tsamo su daga bokiti, alhali ɗigon ruwan teku bai taɓa shi ba. Guminsa ne ya huce a jikinsa.

Oga ya ɗaga rigar sanyin, ya tambayi wanda ya ce ya sa wannan. Yaya ya sunkuyar da kai. Ni ma na yi tsit, wallahi har yau kunya nake ji. Oga ya ce khalas, wato shi ke nan, wanda ba ya bin umarni ba zai riƙe ran baƙo ba. Ni aka ɗauka, shi ya koma gadin ƙofa.

Bayan kwana uku ya same ni a ɗakinmu na unguwar Muntazah da rigar sanyin a wanke, a ninke.

"Ƙanena, na gode da aro," in ji shi. "Ka riƙa sa ta, ruwan nan da sanyi."