Filin da ke Bayan Ɗakin Inna Talatu

Inna Talatu ba ungozoma ba ce, ko da yake mutanen unguwar Iku da yawa haka suka ɗauka. Ƙosai take soyawa a bakin hanya. Abin da ya sa aka san ta wani ɗan fili ne a bayan ɗakinta, wanda ko akuya ba ta yarda ta taka ba.

Da gidajen haya suka fara cinye gonakin unguwar, masu gida suka malale ko'ina da siminti har bakin ƙofa. Sai mace ta haihu a asibiti, a miƙo wa mijinta mabiyiya a leda, ya rasa inda zai binne ta. Wanda ya fara tsayawa gaban kaskon Inna da irin wannan leda wani tela ne Bayarabe, Adebayo. Ta dube shi, ta sauke kasko, ta ce ya biyo ta. Daga nan kuwa hanya ta buɗe: Ibo, Gwari, Hausawa 'yan haya, babu wanda ta tambaya addininsa.

Autarta Tayyiba ta taso tana kallon aikin. Inna za ta wanke mabiyiyar, ta naɗe a farin ƙyalle, ta tona rami har gwiwar hannu, ta kwantar da ita cibiya tana duban sama. "In kika kife ta, kin rufe wa uwar haihuwa," haka take cewa. Ba ta sa alama. Tayyiba ba ta son filin. Ciyawarsa ta fi ta ko'ina kore, kuma duk sanda ta je shanya sai ta ji kamar akwai masu sauraronta a ƙarƙashin ƙafa.

Inna ta rasu da daminar bara. Bayan an yi arba'in, Bamalli, yayan Tayyiba mai aiki a Abuja, ya zo ya kafa turaku, ya ja igiya. Ɗakunan haya zai gina.

"Yaya, har da nan?"

"Nan ɗin maƙabarta ce? Tsoka ce fa, Tayyiba, ta zama ƙasa tun kina goye."

A ranta ita ma tana son a rufe wurin ta huta.

Ranar da leburori suka zo tona harsashi, da hantsi, wani saurayi ya sauko daga acaɓa da baƙar leda a hannu. Olu ne, ɗan Adebayo tela.

"Anti Tayyiba, matata ta sauka. Mace!"

"Barka. Amma Olu, Inna fa ta rasu."

"Haba Anti, ni da na ci shinkafar sadakar uku? Babana ya ce nan aka sa tawa, nan za a sa ta jikarsa."

"Ka kai gidanku mana," in ji Bamalli.

"Oga, gidanmu tayil ne har banɗaki. Ko kaza ba ta samun abin tono."

Leburorin suka yi dariya. Olu bai yi ba. Ya miƙo ledar da hannu biyu, kuma ba Bamalli ya miƙa wa ba.

Da ɗumi har yanzu. Tayyiba ta karɓa, ta ji shi ya ratsa tafin hannunta. Ta shiga ta yago ƙyalle daga wani farin mayafin Inna, ta wanke, ta naɗe, ta ɗaga igiyar Bamalli ta shige. Ƙasar ba ta yi mata gardama ba, laushi kamar an jiƙa ta. Sau biyu tana warware ƙyallen don ta tabbata ba ta kife ba, sannan ta mayar da ƙasa ta danne da tafi.

Babban leburan ya jingine digarsa. "Alhaji, gaskiya ni ba na tona inda aka binne abu yau."

Bamalli ya daɗe yana duban wurin. Ya ce su tafi, zai neme su. Bai ce yaushe ba, turakun kuma bai cire ba.

Suna nan har yau, igiyar ta yi baƙi ta saki. Tayyiba ba ta daina tsoron filin ba. Amma in aka yi sallama da rana tsaka, ta leƙa ta ga baƙon namiji yana ɓoye leda a bayansa, ba ta tambayar wa ya aiko shi. Sai ta tashi.