Jan Gam a Bakin Inji

Talata: daga gida zuwa Bichi

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na turo babur daga zaure. Kwanansa goma sha ɗaya a hannuna. Gyaɗar da na noma gaba ɗaya da tumakin matata biyu su suka zama wannan babur, a shekarar da man fetur ya yi tashin da mota ta daina shigowa ƙauyenmu sai ranar kasuwa. Na saye shi ne don in riƙa jigilar mutane da buhuna zuwa Bagwai. Tun kwana na huɗu inji ya fara ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ga hayaƙi, ga shan baƙin mai. Alhajin da ya sayar mini a Kano ya faɗa da bakinsa cewa in inji ya ba da matsala cikin sati biyu, a dawo da shi a canza. Saura kwana uku.

A ƙofar gida na tarar da Kawu Iliya, ƙanin Inna, makanikin garinmu, wanda ya koya mini hawan babur tun ƙafata ba ta kai ƙasa ba. Ranar da ƙarar ta fara, na zo wucewa ta rumfarsa ya ɗaga mini hannu. A garinmu ba ka wuce kawunka da abin hawa mai ciwo ka kai wa bare. Ya kwance kan inji, ya leƙa, ya mayar ya liƙe da jan gam, ko sisi bai karɓa ba.

"Ka gaya musu ringin fistin ne," in ji shi. "Na gani da idona. Kada su raina maka hankali."

"To, Kawu."

Na wuce Bagwai ƙarfe shida da kwata, ina lallaɓawa. Kafin Bichi sau biyu ina tsayawa inji ya huce. A wani shinge mai kaki ya nemi rasit tunda ba lamba. Ya duba kwanan wata, ya dubi hayaƙin.

"Sabo ne wannan?"

"Sabo ne, yallaɓai."

"Allah ya kiyaye. Wuce."

A Bichi na sha koko da ƙosai guda huɗu, kowanne bai fi ƙwallon goruba ba. Na zuba mai kwalba biyu wajen 'yan bumburutu, don layin gidan mai ya kai har titi.

Bichi zuwa Kano

Saura kamar kilomita biyu in shiga Dawanau inji ya mutu. Na buga kiki har cinyata ta sage. Haka na tura shi cikin rana, manyan motocin hatsi suna wuce ni, wani direba har da leƙowa yana cewa, "Ango, amarya ta yi yaji ne?" Na ji zafin maganar. A Dawanau na ƙara baƙin mai, ya tashi da ƙyar.

Sha ɗaya da minti ashirin na isa shagon. Ranar da na zo saye har lemo aka ba ni. Yau ko benci ba wanda ya nuna mini. Aka ce Alhaji ya fita. Na yi azahar a nan, na yi la'asar a nan, ina kallon ana fasa kwalaye ana haɗa wa wasu nasu sababbin, suna ta washe baki kamar yadda na yi. Biyar da rabi aka ce in bar babur in dawo gobe.

Na koma Dawanau a bas, na sauka wajen Rabi'u, ɗan garinmu mai dako a kasuwar wake. Ɗaki ɗaya, su biyar, ni na shida. Ya raba garin kwakinsa biyu ya tura mini rabi.

Laraba: a shagon Alhaji

Ƙarfe tara Alhaji ya iso. Ya saurare ni yana danna waya, sannan ya kira babban makanikinsu, wani dattijo mai suna Malam Tasi'u. Malam Tasi'u ya tayar da inji, ya karkata kunne, ya kashe.

"Wannan daga kamfani ya zo da ciwonsa, Alhaji."

Sai na ji wani sanyi a raina. Har na fara tunanin wanda zan fara ɗauka ranar kasuwa.

Malam Tasi'u ya durƙusa da sifana, sai ya tsaya. Ya sa farce ya kankaro wani abu ja daga bakin inji. Ya yi kamar zai goge a wandonsa, amma Alhaji ya riga ya gani.

"Wa ya buɗe injin nan?"

"Kawuna ne, Alhaji. Dubawa kawai ya yi, ko noti bai canza ba."

"Juya rasit ɗinka."

Na juya. Wasu ƙananan rubutu ne da Turanci, kamar sahun tururuwa. Alhaji ya ce ma'anarsu ita ce, duk injin da wani ya buɗe a waje, ba ruwan shago da shi.

"Ai ba ka gaya mini ba, Alhaji."

"Kai ka tambaya?"

"Amma makanikinka ya ce daga kamfani ne. Yanzu a gabanka ya faɗa."

"Kamfani ba ya sayar da jan gam, malam. Ka je kawunka ya ba ka garanti."

Mutanen shagon suka yi dariya. Na roƙe shi don Allah, na gaya masa abin da na sayar. Na kai gwiwa ƙasa a gaban mutumin da ko shekara biyar bai ba ni ba. Ya ce yana da baƙi, ya shige ciki. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan safiyar ba, kuma ban san wanda zan ɗora wa ba.

Malam Tasi'u ya ja ni gefe. Ya ce in sayo fistin da ringi ya sa mini, ba zai karɓi ladan aiki ba. Kuɗin da na ware don yin lamba su suka tafi a nan, kuma kayan da na samu ba na kamfani ba ne. Kafin ya rufe, wajen la'asar, ya nuna mini ƙarzar da ke cikin bulon injin.

"Zai yi tafiya. Amma kada in ruɗe ka, ba zai ja buhu biyu ba, kuma zai riƙa neman gyara." Ya goge hannu. "Kawun naka ya san aiki, ringin ne. Da dai bai taɓa ba."

Alhamis: komawa

Na bar Dawanau shida da rabi. Ƙarar ta ragu, hayaƙin yana nan. A hawan da ke bayan Bichi na ɗauki wani tsoho mai buhun masara rabi, sai da ya sauka muka hau da ƙafa. Na shiga garinmu sha ɗaya saura.

Kawu yana rumfarsa da mutane huɗu. Yana hango ni ya miƙe da sifana a hannu.

"Yaya? Me suka ce?"

Tun daga Bichi nake shirya abin da zan gaya masa. Na dubi furfurarsa, na dubi mutanen da ke zaune.

"Sun ce ringi ne, Kawu."

"Kun ji ko!" Ya juya wajensu yana dariya. "Mutanen kamfani da kansu. Sun canza maka injin?"

"Sun gyara."

"Madalla. Gobe ka kawo in duba aikin nasu."

"To, Kawu."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni gida lafiya. Na gode wa Rabi'u da Malam Tasi'u, Allah ya saka musu. Kawu kuwa ba ya karatun boko, kuma har yau yana ba da labarin yadda ya riga kamfani gano ciwon. Duk ɗan garinmu da wannan rubutu ya faɗo hannunsa, don Allah ya bar shi a haka.