Kitsen da ban shafa ba, Lucjan

Shekara goma sha biyar ana raɗe-raɗin cewa ranar da libarbata ta cinye maka yatsu biyu, kafin a kai ka asibiti sai da ka ce a ba ka minti ɗaya da ita a bayan rumfa. Ban yarda ba. Wa ke tunanin bindiga alhali hannunsa na zubar da jini?

Ran Talata, sha huɗu ga Janairu, matarka Wanda ta bugo ta ce ka rasu da hantsi, kana zaune a gaban keken ɗinkinka.

Kai ka koya mini wannan wasa namu na tsofaffi, Lucjan Drozd: a auna albarushi, a danna dalma, sannan a toshe bakin ramukan libarbar guda shida da kitsen rago, don kada wutar rami ɗaya ta tsallaka ta tada sauran. Duk Asabar kana zuwa filin harbi da burodi da tsiran alade na mutum biyu, domin ka san ni da zuwa hannu sake. Rigar auren 'yata kai ka ɗinka, ka ƙi karɓar ko zloti ɗaya.

Ranar nan na manta gwangwanin kitsena a gida. Ni da nake yi wa masu mantuwa dariya, sai na ji nauyin roƙo. Na ɗura libarbata a bushe, na miƙa maka.

"Gwada ta, tela, ko yau ka sami allon."

"Ka shafa, tsohon banza?"

"Na shafa."

Rami huɗu suka tashi tare, hannunka na hagu yana tallafe da ita. Shugaban fili, Pan Alojzy, ya duba biyun da suka rage, ya tarar da kitse, ya rubuta tsautsayi. Da ya tarar da su a bushe, da an kore ni, da maganar ta kai kotu. Na ce wa raina ƙila na shafa ɗin ne na manta. Mutum in yana son barci, ba abin da ba ya gaya wa kansa.

Ka koyi riƙe yadi da yatsu uku. Rabin masu kawo maka ɗinki suka watse. Kullum ka ce mini, "Hipolit, yanzu safar hannu ta yi mini arha." Ni kuwa in yi dariya, in ci burodinka.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya sa ka huta. Wanda, da ke da 'ya'yanku Marek da Halina, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku ne kuka ci miya ba nama shekarun nan saboda ni, kuma ban taɓa buɗe baki ba.

Jiya a makabarta wani ya dafa ni, ya ce, "Kitsen da na gani ranar nan ja ne, Hipolit. Da hannu mai jini aka shafa shi. Lucjan ya girgiza mini kai, na rubuta tsautsayi."

Pan Alojzy ne.