Alƙalin Wasa da Yarinyar da Ba Ta Ƙarya

A filin hoki na 'yan mata a garin Tucumán, inda da sanda ake buga ƙwallo kuma laifi ne ta taɓa ƙafa, Don Aurelio ne mai hura usur: gajere, ga tumbi, ga tabarau kamar gindin kwalba. Ba ya gudu, don haka rabin laifuffuka a bayan idonsa ake yin su. Amma ya gano Itati, 'yar wasan da ba ta iya ƙarya ba.

Da an yi ihu sai ya yafito ta. "'Yata, ƙwallo ta taɓa ƙafar ƙawarki?"

Ta sunkuyar da kai. "Ta taɓa."

Ya hura laifi a kan ƙungiyarta, yana hura hanci kamar shi ya gani. Ga alama a gidansa ba mai jin maganarsa, shi ya sa a fili yake nuna iko.

"Munafuka!" in ji ƙawayenta.

Lokacin hutu yana zuƙar shayin mate, yana kallonta ita kaɗai a ƙarshen benci.

"Yarinyar kirki," in ji shi.