Malam Tawada da Ƙugiyar da Ta Ɓace

Shekara talatin da ɗaya Malam Tawada ya yi a kan tebur ɗaya, gefen hagun alƙali, yana rubuta duk abin da aka faɗa a kotu. Sunan nan ba na yanka ba ne. Ɗan yatsansa na tsakiya ne ya jawo masa, don akwai wani shuɗin tabo a gefensa da sabulu ya gaji ya ƙyale. Aljihun rigunansa ma haka suke. Matarsa ta yi faɗa har ta haƙura, ta koma saya masa yadi mai duhu.

Kayan aikinsa uku ne: ƙaton littafi mai baƙin bango, kwalbar tawada, da wani koren alƙalamin roba mai shan tawada, irin wanda ake zubawa cikin kwali a teburin mai sayar da kayan makaranta. Kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Abin da ya sa Malam ya riƙe shi kuwa, ka cire murfi, ka ɗora a takarda, ya rubuta. Ba girgizawa, ba lasar bakinsa, ba goga shi a bayan littafi kana lallashi. Ko hutun mako biyu aka yi, ranar dawowa haka zai tashi. A kotu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don mai ba da shaida ba ya jiran alƙalamin kowa. Biro kam Malam ba ya ko kallonsa, ya ce kafin azahar ya kashe wa mutum hannu.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne ƙugiya, wato 'yar lanƙwasar nan ta kan ɓ da ɗ da ƙ. Komai saurin mai magana, Malam bai taɓa barin ko ɗaya ba. In sabon ma'aikaci ya yi masa dariya, sai ya ce, "Je ka rubuta wa surukinka cewa zai yi baki maimakon baƙi, ka dawo ka ba ni labari."

Saura wata bakwai ya yi ritaya aka kawo sabon magatakarda. Matashi ne mai yawan turare, ya zo da kwamfuta da kuma wani alƙalami mai ruwan zinariya da yake kwana a cikin akwatinsa. Kafin alƙalamin nan ya yarda ya sa hannu ɗaya, sai an girgiza shi, an goge masa baki da auduga, an gwada shi sau uku a kan tsohuwar ambulan. Amma mai wannan fama ne ya ɗaga na Malam da yatsu biyu a gaban ma'aikata, ya ce, "Baba, har yanzu da alƙalamin 'yan firamare ake aikin kotu?"

A makon ya ba da umarni cewa duk kwafin shari'a da zai fita sai an buga shi a kwamfuta. Malam ya je ya tsaya bayan matar da ke buga takardu, ya duba abin da ke fitowa, ya wuce ofishin magatakarda.

"Ranka ya daɗe, na'urar nan ba ta da ƙugiya."

"Baba, mai karatu ai yana da hankali. Zai gane."

Ba a yi wata uku ba maganar keken ɗinki ta taso. Wata mai ɗinki ce ta tafi jinyar mahaifiyarta, ta bar kekenta a hannun yayanta. Ta dawo ta tarar da shi a kwance, an karya masa ƙafa, an kwance cikinsa. Da keken nan take ciyar da 'ya'ya huɗu. Ta kai ƙara, yayan ya tsaya gaban alƙali ya ce, "Gaskiya ni na ɓata shi." Malam ya rubuta, alƙali ya ce a mayar mata da keke mai aiki. Yayan ya fita, wani ya zuga shi, ya ɗaukaka ƙara. A babbar kotu lauyansa ya ɗaga kwafin da aka buga, ya karanta da ƙarfi: "Wanda ake kara ya amsa cewa ya bata keken." Ya ce to ga shi nan, tun tuni ya ba ta kekenta, me kuma take nema? Babbar kotu ta dakatar da hukunci, ta aiko tana tambayar wanda ya yi wannan aika-aika.

Mutum mai kunya da sai ya ce na'urarsa ce. Magatakarda kuwa ya zauna ya rubuta rahoto cewa tsohon ma'aikacinsu yana aiki da alƙalami mai arha wanda ke tsallake rubutu, ƙugiyar ba ta fito a littafi ba, mai bugawa abin da ta gani ta buga. Ko littafin bai buɗe ba! Shi da kansa ya sa aka kwashe littattafan da suka cika, har da wannan, zuwa sito don wai suna ɓata kyan ofis. Rashin kunya irin wannan sai a ofis, inda na sama ke yin ɓarna a nemi wanda ya fi kowa shiru a shafa masa kashin kaji.

Magatakarda ya kira Malam, ya tura masa takarda. "Baba, sa hannu kawai cewa kuskuren alƙalami ne. Gargaɗi za a yi maka, shi ke nan. Ka ƙarasa watanninka lafiya."

Malam ya ninke takardar ya tafi da ita gida. Da la'asar ya zauna a tsakar gida, abincinsa a rufe, bai ko taɓa ba. Matarsa tana kwashe shanya ta ce, "Malam, wata huɗu fa ya rage. Ka sa musu hannu su bar ka. Alƙalami ne za a zaga, ba kai ba."

"Wa ke riƙe da alƙalamin?" in ji shi. "In na sa hannu, baiwar Allahn nan ta rasa kekenta. Kuma duk littafin da na cika a shekara talatin da ɗaya, kowane ɗan iska zai iya tashi ya ce ƙarya ce a ciki. Ni ban tara gida biyu ba, ban tara mota ba. Rubutun nan shi kaɗai na tara."

Ta tsaya da zane a hannu, ta dube shi. "To ci abincinka. Da yunwa za ka je ka yi musu rashin mutuncin?"

Washegari ya mayar da takardar ba sa hannu, ya ce a kafa kwamiti. Da ya nemi littafin, aka ce mabuɗin sito ya ɓace. Ya ce zai jira. Kwana biyu yana zaune a ƙofar siton a kan benci, har mai gadi ya ji kunya ya tuna inda mabuɗin yake. Littattafan suna can ƙarƙashin karyayyun kujeru da wata matacciyar fanka. Shi kaɗai ya ɗaga su, ya fito da ƙura har gira, littafin a ƙirjinsa.

Ranar kwamiti mutum uku suka zauna, shugabansu wani tsohon alƙali. Mai ɗinkin ma ta zo, ta rakuɓe a bakin ƙofa. Malam bai yi dogon bayani ba. Ya buɗe shafin, ya juya littafin, ya ɗora yatsansa mai tabo a ƙarƙashin kalmar. Ga ƙugiyar nan a kan ɓ, shuɗiya, a lanƙwashe kamar ta mahauci, ko daga bakin ƙofa ana hango ta. Tsohon alƙalin ya gyara tabarau, ya dubi mai buga takardu.

Ta sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, na gan ta. Babu inda zan danna ne ta fito. Na faɗa, aka ce in ci gaba."

Magatakarda ya fara wata magana a kan zamani da ci gaba. Ba wanda ya bi ta kansa. Aka ce a aika wa babbar kotu hoton shafin a ranar. Mai ɗinkin ta rufe fuska da mayafi tana kuka, tana cewa, "Baba, Allah ya saka."

Haƙuri kuwa ba wanda ya ba Malam, ko da wasa. Bayan kwana uku magatakarda ya kira shi, ya miƙa masa takardar wanke shi daga zargi, ko ɗaga kai bai yi ba. Layi biyu ce, an buga ta a kwamfutar nan dai. Malam ya karanta ta a tsaye, da ƙarfi, yadda aka rubuta ta, har na ofishin waje suka daina abin da suke yi.

"'Bincike ya nuna ba shi ya bata takardar ba.' Ranka ya daɗe, wace ce ita? Wa aka ce na ba takarda?"

Magatakarda ya lalubo alƙalaminsa mai ruwan zinariya daga akwati, ya fara girgiza shi. Malam bai jira shi ba. Ya shimfiɗa takardar a kan teburin, ya zaro koren alƙalaminsa, ya cire murfi. Taɓawa ɗaya ƙugiyar ta hau kan harafin.

"Yanzu ta wanke ni," in ji shi. Ya busa tawadar, ya ninke takardar, ya sa a aljihunsa mai tabo.